Malam Badaru, Mai Cire Waya Ranar Alhamis

Idan aka idar da sallar asuba a Masanawa, Malam Badaruddeen Sajo ba ya komawa shimfiɗa. Turken tumakinsa yake nufa da ƙunshin harawa, kuma shi ba ya cikin masu leƙawa daga nesa su ce "duk suna nan." Ɗaya bayan ɗaya yake bin su, ya taɓa kunnen wannan, ya ɗaga ƙafar waccan, ya tsaya a kan wadda ya ga ba ta tuƙa. Sai ya gama da ta ƙarshe sannan ya sha kokonsa a tsaye, ya rataya jakar fatar nan tasa da ta ga jiya ta ga yau, ya hau tsohon babur ɗinsa ya kama hanyar Gwarzo. Bakwai da rabi ba ta taɓa yi masa a hanya ba.

Inda yake zuwa ita ce cibiyar jarrabawar kwamfuta da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai na Gwarzo da Kabo suka gina shekara tara da suka wuce, domin 'ya'yanmu su daina tafiya uwa duniya saboda jarrabawar shiga jami'a. Shi ne mai kula da na'urorin wurin tun ranar da aka buɗe, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni sunana Ummi, malamar makarantar 'yan mata ce a Kabo. Ban san komai game da kwamfuta ba sai ɗan abin da ya koya mini a gindin darbejiyar ƙofar cibiyar. Na ɗauki alƙalami ne kawai don ba na so ya tafi shiru kamar yadda ya yi aikinsa shiru.

Siriri ne, mai furfurar gemu, magana kuwa sai ka ciro ta da ƙugiya. Da gyaran tafireta ya fara a makarantun sakandare, da kwamfuta ta zo ta kori tafireta sai ya bi ta da karatu har ya kama ta. A 'yan shekarun nan ya ɗauko wani hali da ya ba mutane haushi: in ka biyo ta hagunsa ka ɗaga masa hannu, ko kallo ba ka ishe shi ba. Masu awarar bakin ƙofa suka sa masa suna Mai Shan Ƙamshi. Ni kaina na taɓa yin mako guda ina fushi da shi, shi kuwa bai ma san ana yi ba.

A can ƙuryar ginin akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi inda aka ajiye babbar kwamfutar da suke kira saba. Ita ke riƙe da tambayoyi, ita ke karɓar amsar kowane ɗalibi daga kwamfutoci ɗari biyu da hamsin da ke cikin zauren. In layinta ya yanke ana tsakiyar jarrabawa, to yara sun shiga uku, cibiyar ma tana iya rasa izinin yin jarrabawa gaba ɗaya. Shi ya sa aka yi mata katin netwok, wato abin da ke haɗa ta da layi, guda biyu, kowanne da wayarsa, aka haɗe su suna aiki da suna ɗaya, ta yadda in ɗaya ya mutu ɗayan zai ci gaba ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Sannan aka sa mata wata 'yar manhaja mai sa ido a kan layin, ta nuna kore a allo in lafiya, ta nuna ja in da matsala. Malam Badaru 'yar sa-ido yake kiran ta.

Alhaji Hambali, shugaban kwamitin cibiyar, mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya ganin abu biyu a inda ɗaya zai isa. A shekarar farko, wata rana Malam Badaru ya tafi ta'aziyya Lakwaya, Alhaji ya rasa wayar da zai haɗa firinta a ofishinsa. Ya leƙa ɗakin saba, ya ga waya biyu a bayanta, ya zare ɗaya, ya dubi allo. Kore shar. Ya naɗe abarsa ya fita yana mitar almubazzaranci. Kwana goma sha ɗaya Malam Badaru yana zuwa kullum yana duban allon nan yana gode wa Allah, sai ranar da ya sunkuya zai share bayan sabar ya ga kafar wayar a buɗe.

Zinnira, mai buga takardun cibiyar, tana wurin. Ta ce bai yi faɗa ba. Zama ya yi a ƙasa, ya daɗe yana kallon koren nan, sannan ya tashi ya nufi ofishin Alhaji.

"Barka da hutawa, Alhaji. Kai ka ɗauki wayar bayan saba?"

"Ni ne, Malam Badaru. Ai sai da na duba, abin bai ce komai ba."

"Shi ne abin da ya ba ni tsoro, ranka ya daɗe. Da ya ce wani abu, da hankalina ya kwanta."

Daga baya ya ba ni labarin abin da ya faɗo masa a rai da yake zaune a ƙasan nan. Mahaifinsa, Baffa Sajo, yana da shanun huɗa biyu, Dogo da Guntu. Wata damina ciwo ya kama Dogo a ɓoye, Guntu ya riƙa ɗauke masa nauyin garma, huɗa tana fita sambal, Baffa yana ta yabon shanunsa. A rana ta takwas Guntu ya durƙushe a tsakiyar gona bai sake tashi ba, Dogo kuma ko karkiya ba ya iya ɗauka. Shekarar nan da fartanya suka ƙarasa, kuma ba su ci tuwon kirki ba. Ya ce har Baffa ya koma ga Allah yana maimaita magana ɗaya: "Huɗar nake dubawa, ban dubi shanun ba."

Ya buga wa ɗan kwangilar da ya kafa na'urorin waya, aka ce masa ai haka kowa yake barin ta. Sai ya sa Zinnira ta buga masa littafin bayanin manhajar kaf, ya zauna da biro. Kwana huɗu ya yi, daga hantsi zuwa la'asar. Ya gano cewa sunan haɗakar kaɗai aka ba 'yar sa-ido ta riƙa tambaya, ita kuwa haɗakar muddin kati ɗaya yana numfashi "lafiya lau" za ta ce. Sai ya shigar mata da lambar kowane kati daban. Nan kuma wata sabuwa ta ɓullo: ta ƙirga kayan da ke bi ta katin farko, ta ƙirga na biyu, ta sake ƙirga na haɗakar, ta tara, ta kama kururuwar layi ya cika alhali rabinsa ma bai kai ba. Zinnira ta ce ranar nan ta fara jin ya yi tsaki. Sai a rana ta uku ya raba mata aikin yadda ya kamata: nauyin kaya ta tambayi haɗakar, lafiya kuwa ta tambayi kowane kati shi kaɗai.

A rana ta huɗu ya tuna wani abu. In layin ya mutu, ta wace hanya saƙon mutuwar zai fito? Sai ya sa mata layin wayar salula nata na kanta, wanda bai haɗa hanya da abin da take gadi ba. Saƙonnin kuma ya goge Turancinsu, ya rubuta su da Hausa, ya raɗa wa katunan biyu sunan shanun babansa.

Tun daga lokacin, kowace Alhamis da ƙarfe goma, sai ya shiga ɗakin ya zare wayar Dogo da hannunsa, ya tsaya yana duban agogo har saƙo ya shigo wayarsa. Ya mayar, ya jira, ya zare ta Guntu. Shekara takwas da 'yan kai bai tsallake Alhamis ɗaya ba, sai in Sallah ta faɗo a kanta, nan ma Laraba yake yi. Alhaji Hambali ya sha ce masa, "Abu yana zaman lafiyarsa, kai kuma sai ka je ka tsokane shi?" Shi kuwa amsarsa ba ta canzawa: "Alhaji, in ban ji muryarta ranar Alhamis ba, ta ina zan san za ta yi magana ranar da ake bukata?"

Ranar ta zo, kuma a hannuna ta zo.

Shekara shida ke nan, cikin bazara. 'Yata ta fari, Rukayya, tana cikin masu jarrabawa. Shekarar da ta gabaci wannan an tura ta wata cibiya mai nisa, kwamfutoci suka ɗauke ana tsakiyar rubutu, shekararta ta tafi a banza. Wata biyu ta yi ba ta dariya. Babanta, wanda ba ya iya ganin hawayenta, ya ce bana ce ta ƙarshe, in ba a dace ba ta haƙura ta koma shagon ɗinkin gwaggonta a Gude. Ita kuwa karatun duban ido take so tun tana 'yar firamare, lokacin da take jan kakarta da sanda zuwa gidan suna. Don haka da na raka ta Gwarzo ran nan, na san abin da ke cikin zauren nan ya fi ƙarfin jarrabawa.

A shekarar dokar ta yi tsauri. Ba wayar hannun da za ta wuce ƙofa, ko ta ma'aikaci ce. Ɗakin saba an kulle shi, makulli yana hannun jami'in da hukumar jarrabawa ta turo, Malam Badaru kuma dole ya tsaya a zaure yana taimakon yaran da suka rikice. Ana saura kaɗan a fara sai ga shi ya fito, ya ratso iyayen da ke zaune a gindin darbejiya, ya tsaya a gabana.

"Malama Ummi, ina kwana, ya gida, ya yaran?"

"Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

"Da godiya. Riƙe mini wannan." Ya miƙo mini wayarsa, 'yar ƙarama mai madannai, an ɗaure bayanta da kyauro. "In ta yi kuka ki karanta, ki faɗa wa Baba Haladu mai gadi abin da ta ce, kalma da kalma. Ke na zaɓa saboda 'yarki na ciki, na san ba za ki yi gyangyaɗi ba."

Aka fara goma da rabi. Na riƙe wayar nan da hannu biyu. Sha ɗaya da minti goma ta yi kuka. Na duba: "Dogo ya kwanta, Guntu kaɗai ke ja."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Takalmina ɗaya a gindin bishiyar na bar shi, ni da nake hana ɗalibaina gudu a tsakar makaranta. Baba Haladu ya ji saƙon, ya jefar da goron da yake ɓarewa, ya shige ciki da saurin da ban taɓa sanin yana da shi ba.

Abin da ya faru a ciki Zinnira ce ta ba ni labari. Malam Badaru ya je wurin jami'in, ya rusuna, ya yi masa bayani a kunne, aka buɗe ɗakin. Ya ga 'yar fitilar katin farko a mace. Bai tsaya neman dalili ba. Ya buɗe jakar fatar nan ya ciro wata doguwar waya sabuwa da ya riga ya haɗa mata kai tun makon da ya wuce, ya soka ta a katin, ya ja ta ta ƙofa, ya bi baranda da rarrafe yana manne ta da ƙasa, har akwatin da ke rarraba layi zuwa zauren. Dattijo mai shekara hamsin da biyar, a kan gwiwoyinsa, a kan simintin da rana ta gasa.

Ni ina waje ban san komai ba, sai addu'ar da ta zo bakina. Minti tara wayar ta sake kuka: "Dogo ya tashi." Na zauna a kan dakalin mai gadi, na ce alhamdulillahi. Ban gama mayar da numfashi ba, minti bakwai tsakani, ta yi na uku: "Guntu ya kwanta, Dogo kaɗai ke ja."

Nan na fashe da kuka a gaban mutane, ban ji nauyin kowa ba. Baba Haladu ya shiga, ya daɗe kaɗan, ya fito yana murmushi. "Malama, ya ce ki zauna ki sha ruwa. Wai Dogon nan sabo ne, da ƙarfinsa."

Da aka tashi suka janye kabad ɗin da ke jikin bango. Ashe ɓera ne ya yi sheƙa a ramin da wayoyin biyu suke bi su fita, ya cinye ta farko, ya koma kan ta biyu. Minti bakwai ne tsakanin 'ya'yan mutane ɗari biyu da hamsin da asarar shekara. A gaban kwamiti Malam Badaru ya ce laifinsa ne, domin ya raba wa wayoyin hanya a ko'ina amma ya bar su suka bi rami ɗaya. Washegari ya zo da guduma da kurfi ya fasa na biyu.

Rukayya ta fito tana mitar tambayoyin kimiyya, tana cewa yunwa take ji. Ba ta san an yi komai ba, haka sauran yaran. Na je in yi wa Malam Badaru godiya. Shi kuwa hannu kawai ya miƙo, ya karɓi wayarsa, ya duba ya ce, "Madalla, ba ki cinye mini caji ba."

Malam Badaru, kai ne wanda bai yarda da kore ba sai ya taɓa da hannunsa. Kai ne ka durƙusa a kan siminti mai zafi domin 'yar da ba ka haifa ba, ka tashi ka karkaɗe gwiwa ka ce laifinka ne. Yaran Lakwaya da Gude da Masanawa da suka zauna a kujerun nan sun haura dubu goma, yau wasu malamai ne, wasu ma'aikatan jinya, kuma zan iya rantsuwa ba goma a cikinsu da suka san sunanka. Ni na sani, ɗan Sajo, kuma ina ƙaunarka saboda Allah.

Rukayya ta ci, ta samu karatun da take so, yanzu tana shekarar ƙarshe. A hutun da ya wuce ita da abokan karatunta suka kafa rumfa a harabar cibiyar suna duba idon jama'a kyauta. Malam Badaru ya ɗauko musu kujeru, ya ja musu wuta, amma ya ƙi zama.

Rukayya ta ce, "Baba, saura kai."

"'Yata, ni idona garau. Lambobin bayan kati nake karantawa ba tabarau."

"Na ji, Baba. Amma ai kai ka ce ba a tambayar haɗaka lafiya."

Ya dube ta, ya dube ni, ya gane inda maganarsa ta bi ta je kunnenta. Ya zauna. Ta ce ya rufe idonsa na hagu da tafin hannu. Ya karanta allon haruffan da ke gabansa har layin ƙasa, yana yi yana ɗaga gira. Ta ce to ya rufe na dama.

Ya rufe, ya juya kai yana neman allon.

"'Yata, kin ɗauke allon ne?"

"Yana nan, Baba."

Ya sauke hannun, ya dubi allon, ya sake rufewa. Ya sauke, ya sake, kamar dai yadda yake yi wa wayoyinsa ranar Alhamis. Sannan ya yi wata 'yar dariya da ba zan manta da ita ba, ya ce a hankali, "Ashe Dogo ya daɗe da kwanciya." Rukayya ta juya baya tana gyara kayan aiki da ba su bukatar gyara, ina ganin kafaɗunta suna motsi.

Ita ta kai shi Kano da kanta. Likita ya ce hawan jinin ido ne, irin mai cin gani a hankali ba tare da ciwo ba. Na hagu ya tafi shekara uku ko huɗu da suka wuce, ba zai dawo ba. Na dama ma an fara taɓa gefensa, amma an kama shi da wuri, in ya riƙe maganin ɗigawa safe da yamma ana sa ran zai riƙe shi har ƙarshen rayuwa. Da an ƙara shekara guda, in ji likitan, da labarin ya sha bamban. Sai dai babur da doguwar hanya sun ƙare, shi ya sa zai ajiye aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekarun nan da muka yi muna ce masa Mai Shan Ƙamshi. Muna ganin yana buge kafaɗarsa ta hagu da ƙyaure, muna ganin yana zuba shayi a gefen kofi, muka ce tsufa ne, muka ce tunani ne ya yi masa yawa. Aiki yana tafiya, jarrabawa ba ta taɓa tsayawa ba, sai muka ɗauka mutumin ma lafiyarsa ƙalau. Malam, ka yafe mini makon nan da na yi ina fushi da kai. Ba ka gan ni ba ne.

Alhamis ɗin da ta wuce na je cibiyar da gangan. Da goma ta yi, Zinnira ce ta sunkuya ta zare wayar Dogo, domin shekara uku ke nan yana koya mata aikin, tun kafin kowa ya san za a bukaci haka. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa a aljihu a kan 'yar wayarsa mai kyauro. Saƙon ya shigo, amma a jakar Zinnira ya yi kuka. Na ga ya ciro tasa ya duba duk da haka, ya mayar, ya gyaɗa kai. Alhaji Hambali da ke bayanmu ya ce, "Zinnira, kada ki kuskura ki tsallake ko Alhamis ɗaya," muka yi dariya har shi Malam Badaru.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya riƙe maka hasken da ya rage, ya jiƙan Baffa Sajo da ya bar maka maganar da ta cece mu. Ku kuma masu karatu, abu biyu nake roƙo. Yau ɗin nan ku rufe ido ɗaya ku dubi bango, ku sake ku rufe ɗayan, in kun ga bambanci ku nufi asibiti. Sannan a gidanku da wurin aikinku, inda komai yake tafiya sumul, ku daina tsayawa a bakin ƙofa kuna cewa duk suna nan. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku tambaya.

In kuma Allah ya haɗa ku da wani siririn dattijo mai jakar fata a hanyar masallacin Masanawa, kada ku ɗaga masa hannu daga hagu ku wuce. Ku zagayo ta damansa ku gaishe shi. Zai amsa tun kafin ku rufe baki.